Lagwanin Inna da Kaffarar Baba

Kunci, Jihar Kano
Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Kamaruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Nana Aisha da yara, ya kuma ƙara albarka a sana'arka a can Legas. Mu nan gida alhamdu lillahi. An gama yankan gero, dawa ta kusa, gyaɗar gonar gabas ta fi ta bara kyau, wake ne dai tsutsa ta ɗan taɓa. Tunkiyar da ka bar wa Inna ta haifi tagwaye. Baba yau kwanansa goma sha biyu da dawowa daga asibiti. Tari ya ragu, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, sai dai in tafiyar ta yi nisa yakan tsaya ya dafa katanga ya huta.

Sau uku kana tambayata a waya me ya kwantar da Baba, sau uku ina kewaye-kewaye. Na ji a muryarka kana ɗora wa kanka laifi, tunda kai ka aiko masa da sigarin lantarkin. Ba rainin hankali ya sa na ƙi amsa maka ba. Ka san gidanmu, da ka kira sai a sa waya a lasifika a ajiye ta tsakiyar tabarma, kowa ya kasa kunne har da maƙwabta. Shi ya sa na rubuta, zan ba Kamilu direban motar albasa ya kawo maka hannu da hannu. Ka karanta kai kaɗai, in ka gama ka yayyage ta. Maganar a taƙaice ita ce ba kai ne sanadi ba, kuma akwai wadda ba a so ta taɓa sanin sanadin.

Ka tuna bara da ka aiko da abin, bayan likita ya ce wa Baba ƙirjinsa ba zai ƙara ɗaukar taba ba. Shi lofen bature yake ce masa. Ya karɓe shi fiye da yadda muka zata, mutumin da ya shekara arba'in da kwali a aljihu. Matsalar ita ce kayan cikinsa ba sa daɗewa. Wannan siririyar wayar da ke nannaɗe a gindin tankin, wadda kuke cewa koyil, da audugar da ke ratsa ta tana tsotso ruwan da ake zuba wa tankin daga kwalba, kwana goma sun yi baƙi, hayaƙin ya fara ƙauri, Baba ya fara leƙen teburin mai sigari. Da ka aiko da ƙullin waya da auduga ka ce tunda gyaran rediyo da waya ne sana'ata in koyi haɗawa, na yi zaton wasa ne. Sai da na lalata waya ta kai kamu biyu kafin hannuna ya faɗa.

Yadda nake yi shi ne in kwance tankin in wanke da ruwan ɗumi in shanya. In yanko waya, in nannaɗe ta a jikin ƙaramar sukundireba zagaye shida, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa. In sa ƙafafunta biyu a ramukansu in ɗaure noti, in datse abin da ya yi saura, in gwada da mita. Daga nan in danna wuta a hankali in duba, in ta fara ja daga tsakiya tana bazuwa gefe to ta yi, in kuwa wani wuri ya riga wani sai in matse ta da filaya in sake. Duk wannan bai dame ni ba. Lagwanin ne ya gagare ni. In na cusa auduga da yawa ruwan ba ya ratsawa sai ta ƙone, in na rage sai tankin ya yi ta yoyo a aljihun Baba yana ɓata masa riga, Inna tana faɗan wanki. Yatsuna sun saba da dalma, ba su san laushi ba.

Wata rana ina fama a ƙofar ɗakinta, Inna ta ce in miƙo mata ta gani. Ta ja audugar tsakanin yatsu biyu kamar za ta yi kaɗi, ta murza bakin a cinyarta, ta zura ta cikin wayar, ta shiga daidai, ba matsi ba sako-sako. Ta ce tun tana yarinya ita ke murza wa kakarmu lagwanin fitilar aci-balbal, wannan ai ƙaninsa ne. Ranar Baba ya zuƙa ya ce bai taɓa jin ya yi daɗi haka ba. Tun daga nan aikin ya rabu, ni waya ita lagwani. Ni kuma in ɗiga ruwan a kan audugar har ta jiƙe kafin in rufe, don in aka kunna ta a bushe take ƙonewa. Tana zaune tana kallo duk lokacin da nake yi. Ban taɓa ce mata ga abin da ruwan yake ba, ita ma ba ta tambaya ba. Na ga tana jin daɗin aikin ƙwarai, har tana gaya wa mata a gidan suna cewa ita ke haɗa wa Malam maganin barin taba.

Da damina ta yi tsakiya na samu aikin sa sola a Bacirawa, na yi kusan sati shida ban kwana gida ba. Kafin in tafi na ɗaura sabuwar waya, na nuna wa Baba yadda zai zare tsohon lagwani ya wanke, Inna ta zura sabo. Nan ne aka samu kuskuren. Inna ta ga ruwan kwalbar yana da kauri, ga shi ruwan ɗorawa, ta ɗauka mai ne irin na fitila. Ta kuma ga ya kusa ƙarewa, kai kuma ba ka aiko ba tukuna. Sai ta yi dabarar da kowace mace mai tattali za ta yi. Ta murza lagwani da yawa ta jera a gwangwanin madara, ta zuba musu man gyaɗar da ta matsa da hannunta wajen ƙuli, suka sha suka ƙoshi. Kowane kwana biyu ta ciro ɗaya ta zura. Baba ya ji ɗanɗanon ya sauya, amma da yake ka taɓa aiko da mai ƙanshin mangwaro da mai na'a-na'a, sai ya ɗauka wani sabo ne, har ya ce wa abokansa a majalisa Turawa sun kai ga yin mai ƙanshin ƙuli-ƙuli.

Tari ya fara masa a sati na uku, aka ce sanyin damina ne, aka dafa citta da kanumfari. Ranar da na dawo na same shi zaune a zaure yana numfashi da kafaɗa, ba ya iya gama jimla ɗaya. Muka ɗauke shi zuwa asibiti a Bici. Bayan an ɗauki hoton ƙirji likitan ya kira ni gefe ya tambaye ni ko Baba yana shaƙar wani abu mai maiƙo, don abin da ya gani bai yi masa kama da na taba kaɗai ba. Na ce ban sani ba. Na dawo gida ɗaukar kaya, na kwance tankin. Wayar ta daskare da wani baƙin danƙo, warinta kamar na kaskon tuya. Na tambayi Aina'u matata, ta ce ai Inna na jiƙa lagwanin a mai, ta nuna mini gwangwanin a bayan randa. Akwai saura bakwai a ciki. Na zubar da su a shadda, na koma na gaya wa likita. Ya ce mai ba ya fita daga huhu da sauƙi, Allah ya taimaka an zo da wuri, kuma daga yau ba taba ba lofe.

Da Baba ya ɗan farfaɗo na gaya masa komai, lokacin Inna ta fita alwala. Sannan ya tambaye ni su wa suka sani. Na ce ni da Aina'u, ita ma ba ta san abin da man ya jawo ba. Ya ce to a tsaya nan. Ya ce Safara'u, haka yake kiran Inna, hawan jini gare ta, kuma ya san halinta, in ta ji da hannunta ta kai shi gadon asibiti ba za ta sake cin abinci da daɗi ba har ta mutu. Na ce to in ta tambaya fa. Ya ce in bar masa.

Ba ta ma tambaya ba, ita ta yanke wa kanta hukunci. Tana kakkaɓe ɗakinsa kafin a sallamo shi ta tsinci wani tsohon kwalin taba a ƙarƙashin buzu, da kara biyu da suka bushe tun bara. Ka san ranar da lofen ya iso Baba ya rantse da Allah a gabanta cewa ya bar taba. Tana ganin kwalin ta ce shi ke nan, a ɓoye yake sha, ita tana ta wahalar murza lagwani shi yana cin amanarta. Ranar da ya dawo ko ruwa bai gama sha ba ta ajiye kwalin a gabansa. Ina wurin. Ya dubi kwalin, ya dube ni, ya sunkuyar da kai, bai ce ya sha ba bai ce bai sha ba. Washegari bayan azahar ya tambayi Malam Ikrima liman mece ce kaffarar rantsuwa, Malam ya ce ciyar da miskinai goma. Baba ya ce in buɗe rumbu.

An yi ciyarwar ranar Juma'ar da ta wuce. Inna da kanta ta tuƙa tuwon, ta yi miyar kuɓewa da kaza biyu, tana yi tana mita yadda har a waje ana ji. Mutum goma suka zauna a zaure, kuma babu wanda bai san dalilin taron ba. Abokan majalisarsa suka zo kallo, suna tsokanarsa wai tsoho da furfura yana laɓewa bayan rumbu kamar ɗan makaranta. Kawu Muhammadu Sani ya yi masa nasiha a gaban jama'a mai tsawo, har da ayoyi. Baba ya zauna a kan buzunsa yana cewa na gode, Allah ya shirye mu. Ni na kasa zama, na tafi shago na yi ta kwance rediyon da ba abin da ya same ta. Da yamma na ce masa wannan abu ya yi nauyi, mutuncinsa ne fa. Ya ce ciyar da mutum goma bai taɓa cutar da kowa ba, kuma shekara arba'in da ya yi yana hura mata hayaƙi a ɗaki ai bai biya kaffararsu ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Nan gaba in ka kira, Inna za ta kai maka ƙarar Baba, ta riga ta ce kai kaɗai ne ba ka ji ba. Na san ka da saurin kare shi da kuma son bin diddigi. Kada ka kare shi, kada ka tambayi yadda ake haɗa lagwanin, kada ka ce a aiko maka da tankin ka duba. Ka yi masa faɗa daidai gwargwado irin na ɗa da uba, zai ce ya ji. Kada kuma ka ƙara aiko da ruwan ko waya, mun ce mata likita ya hana, kuma gaskiya ne. Goro yake ci yanzu, da asuwaki kullum a baki. Ban nemi izininsa kafin in gaya maka ba sai jiya, da na ce masa kana can kana zargin kanka. Ya ce to in gaya maka, amma in haɗa da sharaɗi, kuma in rubuta shi yadda ya faɗa: ko bayan ransa ne, bai yarda wani cikinmu ya wanke shi a wurin Safara'u ba.

Ka gaishe da Nana Aisha, da Zubair da Barira, a ce musu tagwayen tunkiya na jiran su zo su raɗa musu suna. Aina'u na gaishe ku. Inna ta ce in gaya maka ta aiko da ƙuli da yaji a hannun Kamilu, ba ta san da takardar ba. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
ƙaninka,
Uwaisu Sama'ilu