Ranar da Na Miƙe wa Jami'ar Gwamnati

Gidan kula da tsofaffi,
Ɗaki na goma sha huɗu,
Norway.
9 ga Nuwamba.

Zuwa ga ƙanwata Gunvor,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Einar da 'ya'ya da jikoki. Allah Ya sawwaƙe miki ciwon gwiwar da kika ambata, Ya kuma rage muku sanyin Kanada. Mu nan duhu ya fara rufe mu tun la'asar, ruwan sama kuma ba ya ɗaukewa. Ɗana Sverre ya bugo waya daga Oslo ranar Lahadi, ya ce aiki ya yi masa yawa, amma yana gaishe ki. Kabarin matata Borghild kuwa rabona da shi tun bazara. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ne ya daina jin magana.

Kin tambaye ni inda aka kwana a kan ƙorafin da na kai. Kin tuna bayan na karye a ƙugu likita ya rubuta cewa a riƙa kama ni ina takawa a baranda sau biyu kullum, in ba haka ba ƙafafun za su mutu. An yi wata guda ana yi, daga nan aka daina. Ban ga laifin ma'aikatan ba. Almaz, 'yar Eritiriya da ke kula da sashenmu, ita da wata ne kawai a kan mutum goma sha shida. Kullum takan ce mini, Baba, bari in gama da wancan ɗakin in dawo, kuma na san har zuciyarta take nufi, sai dai ba ta dawowa. Da na yi wa Wenche, shugabar gidan, magana, ta dafa kafaɗata ta ce ai kowa yana bakin ƙoƙarinsa. Shi ne na rubuta wa ofishin gwamnati mai sa ido a kan gidajen tsofaffi, da hannuna, shafi uku. Suka amsa cewa an fi son a aiko ta kwamfuta, amma za su duba. Wata huɗu ina jira a kujera.

Sai ga sanarwa cewa jami'a za ta zo, har da rana da sa'a, mako biyu kafin zuwanta. Gunvor, da kin ga gidan nan! Aka goge tagogi, aka jera furanni, aka kawo ma'aikatan aro guda huɗu da ba mu taɓa gani ba. Da safen ranar ƙanshin wainar nan mai siffar zuciya ya cika ko'ina, da cuku ruwan ƙasa da sabon kofi, abin da ba mu samu sai Kirsimeti. Oddvar, tsohon masuncin da ke ɗakin kusa da nawa, ya ce a roƙi gwamnati ta tare a nan gaba ɗaya, ko ma yi ƙiba kafin a binne mu. Ya kuma gargaɗe ni. Ya ce, kai ɗan gidan waya (haka yake kirana saboda aikin da na yi a can), kada ka wanke fuska, kada ka taje kai, ka zauna da rigar barcinka mai ɗigon miya ta gan ka yadda kake. Na ce masa ba a haife ni a cikin kwale-kwale ba.

Kin san gidan da muka tashi. Mama ba ta yarda a tarbi baƙo da rigar aiki, kuma kin tuna yadda malamin makarantarmu yake murɗe kunnen duk yaron da mace ta shigo yana zaune. Don haka na sa aka aske mini gemu, aka ciro kwat ɗin da na sa ranar jana'izar Borghild. Da Oddvar ya gan ni ya tambaya wai aure zan yi ko akwatina ne ya iso.

Jami'ar ta shigo wajen ƙarfe goma sha ɗaya, mace mai fara'a, sa'ar 'yarki Liv, Wenche tana biye da ita da farantin kofi. Ban yi shawara da kaina ba. Na dafa hannun kujera, na tattara duk abin da ya rage a jikina, na miƙe tsaye, karo na farko cikin watanni ba tare da an kama ni ba. Na ba ta hannu, na ce ta zauna tukuna. Gwiwoyina suna kaɗawa a cikin wando, amma ba ta gani ba. Ta ce kai, ashe da ƙarfinka! Ta tambaye ni yadda nake jin zama a nan. Ga kofin gidan a hannuna, ga wadda ta zuba shi tsaye a kaina. Ta yaya mutum zai aibata masu gida yana shan kofinsu? Na ce ba laifi, ana kyautata mana, sai dai 'yar maganar takawa, ita ma na san aiki ne ya yi yawa. Ta rubuta wani abu, ta gode mini. Minti goma sha biyu ta yi. Bayan ta fita na yi kwana uku ban iya ko juyawa a gado ba, amma wannan babu wanda ya rubuta shi.

Amsarsu ta zo makon jiya. Sun ce an same ni cikin tsabta da kyakkyawar shiga, ina miƙewa da kaina, kuma da bakina na ce ana kyautata mini, saboda haka ba a ga an saɓa wa doka ba, an rufe magana. Kwana biyu bayan haka aka cire takawar daga jadawalin kula da ni, tunda takardar gwamnati ta nuna ba na bukatar taimako. Almaz ce ta gaya mini, idonta ya cika da hawaye. Oddvar bai yi dariya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Cewa kawai ya yi, ladabi ya cuce ka, ɗan gidan waya. An ce ina da mako uku in ɗaukaka ƙara. Na fara rubutawa sau biyu na ajiye, domin ban ga ƙarya ko ɗaya a takardarsu ba. Duk abin da suka ce na yi, na yi shi.

Jiya limamiyar cocinmu ta kawo mini ziyara. Da ta turo ƙofa na dafa hannun kujera kamar kullum, na yunƙura sau uku, ƙafafun suka ƙi. Shekarata tamanin da bakwai, kuma jiya ce rana ta farko da na gaida mace ina zaune.

Ki gaishe mini da Einar, da Liv da mijinta, da ɗanki Arnfinn, da ƙananan da na sani a hoto kawai. Na yi miki alkawari cewa in kin zo a watan Mayu zan tarbe ki a bakin ƙofar gidan da ƙafafuna. Ki yafe mini wannan alkawarin. Ki tambayi ɗaki na goma sha huɗu, in kuwa an mayar da ni bene na sama wurin waɗanda ba sa tashi, za su nuna miki. Idan kin shigo kika ga ban miƙe ba, kada ki ce yayanki ya manta tarbiyyar Mama.

Allah Ya kiyaye ku.

Ni ne yayanki,
Torleif