Aikin da Za a Yi wa Safara'u

Daga Rafin Kanya, ƙasar Tudun Wada
Watan Safar, 1956

Zuwa ga ƙanena Gwadabe, mai sayar da goro a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk mai cin tuwo a gidanka. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya sa mu gama da duniya lafiya. Mu nan sai godiya. Damina ta yi albarka, gero ya shiga rumbu, dawa ta fid da kai. Yaya Hauwa tana nan, idon hagu ya rufe ɗungum, amma bakin yana nan yadda ka san shi. Ni kuma gwiwa ce ta hana ni sakat. Malam Sale da ke rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwar Tudun Wada shi ke riƙe da alƙalami, na kuwa ce masa ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya shafa mata mai. In ka ji ta da kaushi, ni ne, ba shi ba.

Ka sani ba kewarka ce ta sa na neme ka ba. Inna ta rasu ba ka zo ba, ka aiko da huhun goro, muna raba wa masu ta'aziyya suna tambayata ina autanta. Katangar gidan ubanmu ta zube, ni kaɗai na kwaɓa ƙasa na tashe ta. Ban manta ba, ba kuma zan yi kamar na manta ba. Amma yau ba wannan ya kawo ni ba. Maganar Safara'u ce, ƙaramar 'yata, wadda kai ka ba da aurenta ga Sabo ɗan abokinka Baffa a zuwanka na ƙarshe. Ka karɓi gaisuwa, ka ci naman biki, ka hau mota ka tafi abinka. To, ga abin da ya biyo baya.

'Ya'yanta biyu, Maijidda da Sani, lafiya ta haife su. Na uku ne ya zo da gardama, bara waccan da kaka. Ɗan ya gicciye. Ungozoma ta yi iyakar yinta, an sha rubutu, an yi hayaƙi, yarinya tana durƙushe kwana da kwanaki har muryarta ta ɗauke. Baffa yana zaune a zaure yana cewa a ƙara haƙuri, uwar Sabo ma haka ta sha. Da na ga ta daina ko nishi, na shiga na cire ƙyauren ɗaki, muka kwantar da ita a kai, muka ɗauke ta a ka har bakin hanya. Motar gyaɗa ce ta kai mu Kwanar Dangora, wata ta kai mu Kano. Sabo bai biyo mu ba, uban ya hana shi. A asibitin birni suka tsaga ta suka ciro ɗan, namiji, ya riga ya koma. Likitan, wani Bature, ya sa tafinta ya gaya mini mahaifar ta yage, ya ɗinke ta, amma ɗinkin ba zai ɗauki nauyin wani cikin ba. Ya ce in ta sake ɗauka, kafin mu cire wani ƙyauren ta tafi. Ya ce akwai wasu 'yan hanyoyi guda biyu a cikin mace, in aka ɗaure su aka yanke ba ta ƙara ɗaukar ciki har ta bar duniya, kuma ba a kwancewa. Ya nemi mijin ya ba da izinin a yi, babu miji. Ya juyo gare ni, na ce ni ban haifi 'ya don a dandaƙe ta kamar ɗan akuya ba. Haka na faɗa, kuma a ranar haka na gani.

Muka dawo da ita gidan mijinta da ɗinki daga cibiya zuwa ƙasa. Matar asibiti ta ja mana kunne kada ruwan zafi ya taɓa wurin. Uwar Sabo ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin mai jego ba wanka ba, sanyi ne zai shige ta ta kumbura, Nasara ba su san jikin baƙar fata ba. Suka tafasa ruwa a babbar tukunya, suka dinga tsoma ganye suna fyaɗa mata safe da yamma, suka hura wuta ƙarƙashin gado, suka ɗura mata kunun kanwa. Ɗinkin ya buɗe daga ƙasa. Gwadabe, warin tun daga tsakar gida kake jin sa. Na je na ɗauko 'yata ban nemi izinin kowa ba. Yaya Hauwa ce ta dinga wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi-ɗumi har Allah ya sa ya kame. Watanni tana tafiya a sunkuye kamar ta girme ni, in tari ya zo mata sai ta tallafe cikin da hannu biyu.

Kai ma ka san al'adarmu, in dai Kumasi ba ta wanke maka kai ba. Mace mai goyo tana da hutun shekara biyu, miji ba ya kusantarta don kada yaro ya sha ciki. Wadda ɗanta ya koma kuwa arba'in kawai gare ta, sai a mai da ta ɗaki. Wadda ta fi kowa bukatar hutu ita ce ba ta da shi. Yaya Hauwa ce ta samo dabara. A rugar da ke gindin dutse matar ɗan Ardo ta rasu ta bar jariri, Buba, ana ba shi madarar saniya yana amayarwa, ga nonon Safara'u yana zuba a banza. Aka kawo mata shi ta sa a nono. Baffa ya yi ta kumfar baki, wai ɗan Fulani zai tare wa ɗansa ƙofar ɗaki, amma babu mai fitowa fili ya ce a shiga wa mai shayarwa. Da haka muka samu sarari. To sararin ya ƙare. Buba ya cika baki da haƙora, yana gudu, yana shan fura. Ardo ya aiko cewa da an yanke dawa, shanu sun cinye kara, za su tashi su yi kudu, za su tafi da ɗansu. Ranar da aka yaye shi, gidan Baffa za su aiko a mai da musu matarsu.

Ni ba na yarda da ji, sai na gani. Aka ce mini akwai wata mata, Tasalla, a wani ƙauye bayan Kiru, an yi mata irin aikin nan na ɗaurewa da likitan ya faɗa. Na ɗaura wa jaki akumari na tafi da gwiwar nan tawa. Mijinta ya zaunar da ni a zaure, ita tana bayan zana tana ba ni amsa, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce wani ƙyalle suke ɗora wa mutum a hanci ya tafi kamar ya mutu, in ya farka sai amai da ƙishi, ga shi ba a ba da ruwa nan take. Ta ce yankan bai kai na ciro ɗa ba. Kwanakin farko ko juyi ba ta iyawa sai an juya ta, daga baya suka tilasta mata tashi tana takawa tana kuka, sai da aka zare zaren aka sallame ta. Da ta dawo gida an hana ta daka da niƙa da ɗaukar tulu har wata ya juya ya sake juyawa, ƙanwarta ce ta zo ta riƙe mata gida. Ta ce har yau in hadari ya haɗu wurin yana mata ƙaiƙayi da tsukuwa. Ban da wannan, al'adarta tana zuwa yadda ta saba, tana noman 'yar gonarta, ƙarfinta ya dawo har ya fi da. Na tambaye ta ko ta yi da-na-sani. Ta ce ciwon ciki ya warke tuni, wanda bai warke ba shi ne in ta je gidan suna, ana miƙa jariri hannu-hannu, in an zo kanta sai a tsallake. Ta ce akwai masu kiranta juyar asibiti a bakin rijiya, tana ji. Amma ta ce ita ke yi wa 'ya'yanta tuwo, ba matar wani ba. Mijin kuwa sai da ya rako ni ya ce gara ya ji ana zaginta da ya ji ana yi masa ta'aziyyarta.

Na je wurin Liman, ya ce shi bai ga wannan a littafi ba, amma ya san rai ba abin wasa ba ne, lalura kuma tana da hukuncinta. Na je wurin wani malami a Doguwa, ya ce toshe ƙofar da Allah ya buɗe ne, kwanan kowa a rubuce yake. Na dawo da kaina ya fi da nauyi. Har gobe zuciyata ba ta son abin nan. Ba na son wuƙar, ba na son warin asibitin, ba na son yadda tafintan nan ke kallon mutum kamar bagidaje. Amma ni na haƙa kabarin uwar Safara'u, da cikinta aka binne ta, ramin ma sai da aka ƙara faɗinsa. Malamin Doguwa bai riƙe fartanya a ranar ba.

Sai na yi abin da ban saba ba, na kira yarinyar na tambaye ta. Ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce Baba, ita ta riga ta leƙa can ta dawo, ta san abin da ke wurin. Ta ce tana son aikin. Ta ce tsoron wuƙa tana ji, amma tsoron ganin watanta ya wuce ya fi, don daga ranar za ta fara ƙirgen kwanakinta. Ta roƙe ni abu ɗaya, kada a raba ta da Maijidda da Sani.

To nan gizo ke saƙar, domin abin da Baffa ya rantse a kai ke nan. Sabo shi ya yarda, ya same ni a gona ya faɗa mini yana waige-waige kamar ɓarawo, amma gaban ubansa ko tari ba ya iyawa. Baffa ya ce in aka taɓa ta da wuƙa, a ranar Sabo zai sake ta, 'ya'ya kuma nasu ne, ko inuwarsu ba za ta ƙara gani ba. Na je da kaina na zauna a zauren mutumin da ya ci mini iyakar fadama shekara da shekaru, na haɗiye wannan, na roƙe shi. Ya dube ni ya ce shi bai san ni a auren nan ba. Wanda ya ba su ita Gwadabe ne, kuma bakin da ya bayar shi kaɗai zai yi magana a ji. Ya san kana bayan duniya, shi ya sa ya faɗa.

Shi ne nake gaya maka. Tare aka yi muku kaciya kai da Baffa, tare kuka yi kiwon awaki, kunyarka yake ji, ba tawa ba. In kana da sauran zumunci a jikinka, ka taso ka zo kafin a yanke dawa. In ƙafarka ta yi nauyi kamar kullum, ka sa a rubuta masa takarda da sunanka, ka aiko ta hannun fataken goro, ka ce kai ka ba da ita kuma kai ka ce a yi mata aiki ta zauna a ɗakinta da 'ya'yanta. Goro kada ka aiko, ba mu bukata.

Ni dai na gama shawara. Da hanya ta bushe, shanu sun tashi, zan kai ta Kano, ko da maganarka ko babu. Yaya Hauwa za ta yi jinyarta a gidana, kuma duk wadda ta doso ɗakin da tukunyar ruwan zafi sai ta bi ta kaina. Ranta zan iya tsarewa in Allah ya yarda. 'Ya'yan ne ba zan iya ba, wannan yana hannunka. Ita ma ta sani. Kwanakin nan ta sa Maijidda gaba tana koya mata hura wuta da wanke wa ƙanenta kai, yarinyar da ko taɓarya ba ta iya ɗagawa. Na ce wa Safara'u saurin me take yi, ta ce gara ta iya tun tana kusa da mai nuna mata.

Ka gai da matarka Fatima da Salamatu da sauran yaran da ban taɓa gani ba. Ka gai da Bature ɗan Kawu in har yana nan tare da kai. Yaya Hauwa tana gaishe ka, ta ce ka zo tun ɗayan idon yana gani. Liman yana gaishe ka. Safara'u tana gaishe ka da kyau, ta ce a gaya wa Baba Gwadabe tana neman albarkarsa, ta kuma roƙe ni kada in yi maka faɗa a takarda. Na ce mata ban yi ba.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ne wanka,
Maikano