Abin Da Rahila Za Ta Rubuta a Kwamfuta

Ƙanena Ishaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya Fatakwal? Ya Maman Bulus da yara? Mu da sauƙi.

Ka san da hannuna na gina gidan bulon nan na Kamazou, ban taɓa durƙusa wa kowa ba. To, 'yarka Rahila ta sa mana manhajar lissafi. Tana ɗauko bayanan banki ta zuba, amma kowace fitar kuɗi sai an ba ta suna: siminti, mai, albashi. Jiya ta iso kan abin da nake tura wa mutanen dajin nan don su bar motocin yashinmu su wuce.

Na ce, "Rubuta gadi."

Ta ce, "Baba, gadi ai na Baba Audu ne. Shi in ka sallame shi, zai tafi. Waɗannan fa?"

Da safen nan mutanen dajin suka kira, suka tambayi lafiyar Rahila, da sunanta.

Ku gyara mata ɗaki, ranar Asabar zan sa ta a mota. Ku sa mu a addu'a. Ka gaida Inna Ladi.

Yayanka,
Yakubu