Kwaɗon da ya kamo kifi

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya iyali, ya ƙafar Hajiya? Muna lafiya.

Albishirinka, Rabi ta haifa mini jika. Sai dai ta kasa cin komai, farfesun kifi kawai take so, ga zafi ya kora kifin dam can ƙasa. Audu masunci ya ce in ɗaura kwaɗo kusa da ƙugiya, in ja a bayan kwalekwale. Kwana biyu ina jan kwaɗon fadama a saman ruwa. Da Audu ya gani, sai ya ƙyalƙyale da dariya: "Baba, kwaɗon ƙofa nake nufi, don nauyi." Na ciro na ɗakina, igiya ta nutse, na kamo tarwaɗa biyu. Rabi ta cinye kwano guda har da ƙari.

Ku sa ta da jaririn a addu'a. A gaida yara.

Yayanka, Musa