Ashe Sakatar Bindigarka a Hagu Take

Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana cikin rahamar Allah. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana da rai ma ai ba ka duba saƙona sai na kira na ce ka duba waya. Amma yau bakina ya cika, kuma ba wanda zan zuba wa sai kai. Ka yi haƙuri da rubutun, yadda ya zo mini haka nake dannawa.

Gida lafiya. Muna nan Manassas, nan Amurka, ba mu tashi ba. Ganye ya yi ja ya fara zuba, lokacin nan naka na farauta da kake kasa zaune ka kasa tsaye, ka fito da hular nan mai ruwan lemo kana kakkaɓewa. Firizar gareji tana nan, amma ba komai ciki sai alayyahu da kajin kanti. Matan masallaci har yau suna tambayata kilishin barewa. Ka tuna yadda kake shimfiɗa leda ka kasa nama, kowane gida da ƙunshinsa, har tsohuwar Baturiyar nan maƙwabciyarmu? Ba ka taɓa rabonka sai kowa ya samu, ka ce haka babanka yake yi a ƙauyenku.

To bari in faɗa maka laifina. Bayan sadakar arba'in ɗinka na kira 'yan sanda suka zo suka tafi da bindigarka. Tsoro ne kawai. Ni kaɗai a gida, ga akwatin ƙarfen nan da kake ajiye ta yana kallona. Ban yi shawara da Ummi ba, tana makaranta. Da ta dawo ta ji, ba ta ɗaga murya ba. Ashe ka yi mata alkawari in ta gama karatun nas za ka fita da ita daji, ni kuwa tun tana ƙarama na hana, na ce mace ba ta farauta. Daga ranar nan sai gaisuwa tsakaninmu. Gida ɗaya muke, amma 'yata ta koma kamar 'yar haya. Shekara uku fa.

Satin da ya wuce ta same ni a kicin. Wai ta yi kwas ɗin farauta, ta karɓi lasisi, duk ban sani ba. Tana so ta sayi irin taka sak, amma ba ta san kamanninta sosai ba, tunda ba ka fito da ita gaban yara, a ɗakinmu kake gogewa ka rufe ƙofa. Ni kaɗai na sani. Wai in raka ta. Baban Ummi, na so in ce a'a. Yarinya baƙar fata, da mayafi, da bindiga a dajin Virginia? Amma duk shekarun nan ba ta roƙe ni komai ba. Na san in na ƙi, ba za ta sake tambaya ba har abada.

Muka tafi ranar Asabar. Kantin duk kawunan dabbobi a bango. Mai kantin dattijo ne da furfurar gemu, ya kalli mayafanmu ya ɗan tsaya, sannan ya saki fuska. Ummi ta ce mai sakata take so, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi, kuma ba mai tsada ba, don ba ta daɗe da fara aiki ba. Ya tambayi girman harsashi. Ta juyo ta kalle ni. Ka san me? Bakina ne ya faɗa da kansa, 308. Ai kwalin harsashinka in ya ƙare shi nake zuba allura da maɓalli a ciki, lambar ta zauna mini a ka. Har na ƙara da abin da kake maimaitawa ina tuƙa tuwo ina yi kamar ba na ji. Ƙaramin harsashi zalunci ne, dabba ta gudu da ciwo ta je ta mutu a wahale ta zama mushe. Babba kuma ya daki kafaɗa har mutum ya riƙa runtse ido tun bai ja kunama ba, ga ɓata nama. Matsakaici, harbi ɗaya, da bisimilla. Ummi ta fassara masa, ya ce ko shi abin da zai faɗa ke nan. Ashe ina jin ka duk lokacin nan.

Ya jera mana guda uku. Mai ƙotar katako kyakkyawa ce kamar taka, amma ta fi ƙarfinmu, shi da kansa ya ce barewa ba ta tambayar katako ne ko roba. Mai ƙotar roba ta fi sauƙi, ruwan sama ba ya yi mata komai, ga madubin hangenta a haɗe. Ummi ta ɗora a kafaɗar dama. Na ga tana karkata wuya, tana laluben sakatar kamar mai neman makunnin fitila a gidan mutane.

Ni kuma wani abu bai yi mini daidai ba. Ka tuna ranar da ka ɗora mini taka a kafaɗa don tsokana, ina ihu ka ɗauke? Kan sakatar ya maƙale mini a warwaron hannun hagu. Na ce wa Ummi ta gaya masa duk waɗannan a baibai aka sa musu sakata, ta babanta a ɗaya gefen take. Dattijon ya yi dariya, ya ce ai to mijina bahago ne. Na ce ina! Shekara ashirin da takwas ina zuba wa mutum abinci, da dama yake ci, da dama yake sa hannu a takarda. Ya ce shi dai bai san zancen abinci ba, amma ba mai sayen irin waccan sai bahago, ba a ma cika yin su ba, nema ake.

Ya shiga ciki ya fito da guda ɗaya tak. Ummi ba ta miƙa hannu ba, sai da ta kalle ni tukuna. Wallahi na san kallon nan. Shi take mini tana 'yar shekara huɗu in ta manta ta ɗauki cokali da hagu. Ludayi nawa na buga wa hannun nan? Har ɗaure shi na yi da ɗankwali, ka sani. Kai kuma duk ranar da na yi sai ka ajiye abinci ka fita gareji, ni ina cewa shagwaɓa ta kake don sunan mahaifiyarka gare ta. Na ce mata ta ɗauka mana. Ta ɗora a hagu. Bindigar ta zauna daram. Ta ja sakata ta mayar, ƙas ƙas, irin ƙarar nan taka sak. Na ce ko ta fi tsada ita za a ɗauka, ashe bambancin ma ba shi da yawa. Aka cike takardu, aka duba sunanta a kwamfuta, muka taho.

Muna isa gida na kira yayarka Hansai a Bauchi. Ta yi mamaki wai ba ka taɓa gaya mini ba. Ta ce babanku ya ɗaure maka hannun nan a baya wata da watanni har ka koma dama. Amma ranar da ya fara ba ka harba-ruga, ya ga da hagu kaɗai kake samu, sai ya kau da kai kamar bai gani ba.

Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Kunya ce? Ko ka ga ba zan ji ba? Da ka ce kai ma haka aka yi maka, da na ajiye ludayin. Ko da ban ajiye ba? Ban sani ba. A lokacin gani nake gyara ta nake, kar a yi mata gori in mun je gida.

Na sami Ummi a gareji tana karanta ɗan littafin bindigar. Ka san ba a saba uwa ta ba 'ya haƙuri ba, ni ma ba a taɓa ba ni ba. Na yi ta jujjuya tsintsiya a hannu, sannan na ce ta yafe mini abu biyu, bindigar babanta da hannunta. Da ta buɗe baki Turanci ne ya fara zubowa, ban kama rabi ba, na dai ji ta riƙe ni gam. Muka zauna a kan bokitan fenti muna hirarka har la'asar ta kusa wuce mu.

Asabar mai zuwa za ta filin gwaji ta saita madubin, ta ce tare za mu. Ta sayo mini abin toshe kunne, ƙato kamar na matuƙin jirgi. Na gwada a kan ɗaurin ɗankwalina, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Na ce mata harbi da hagu na yarda, amma tuwo da dama, wannan ba ni na kafa ba. Tsoron dajin bai bar ni ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma zan je.

Kai ma ka yafe mini. Allah ya haskaka makwancinka, ya haɗa mu da alheri.

Taka har kullum,
Maman Ummi