Ragon da Ya Ɓata Awo

Agadas, watan Maris 1984

Zuwa ga matata Kadidia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Yaya Tasawa da zafi?

Kin tambayi aikina. Kada ki yi dariya: mijinki kashin tumaki yake aunawa! Fari ya cinye ciyawa, gwamnatin soja na son sanin ko kara da angurya za su riƙe dabbobi. Na ɗaura wa kowane rago jaka a gindi kamar bante. In auna abin da ya ci, in auna abin da ya fitar, ragowar ita ce ta zauna a jiki. Shugabana ya ce babu konje, wato hutu, sai awo ya daidaita. Ina tsoron ki haihu ba na nan.

Naki,
Chaibou

Agadas, watan Afrilu

Kadidia,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki. Ni kam kaina ya ɗaure. Akwai wani baƙin rago mai yawan kuka, kashinsa ya fi abincinsa nauyi! Sauran na ramewa, shi sai sheƙi yake. Shugaba ya ce ko ban iya awo ba, ko barci nake. Wallahi raina ya ɓaci.

Naki,
Chaibou

Agadas, watan Mayu

Kadidia,

Gaisuwa da fatan alheri. Asiri ya tonu! Na tarar da Inna Salamatou, tsohuwar da gidanta ke jikin garkenmu, tana zuba masa dakakken ƙwallon dabino ta saman katanga. Ko kunya ba ta ji ba. Ta ce maƙwabci maƙwabci ne ko da ƙafa huɗu gare shi, ba za ta ci tuwo yana kuka ba. Ni ma ta yi mini faɗa, wai na rame.

Shugaba ya yi dariya har da hawaye. Ya ce awon sauran ya yi daidai, wannan kuwa ya fita lissafi, in cire masa bante, ya bar mini shi tukuicin zargin da na sha.

Ina tafe a kamiyon Laraba, babbar motar kaya, ni da ragon suna. Inna na ta kuka, ta ce kada a yanka shi da yunwa. In mace kika haifa, kin riga kin san sunanta: Inna ta samu takwara.

Ki gaida su Baba.

Mijinki mai kewarki,
Chaibou