Sunan Tsohuwar Labarina

Litinin, 3 ga Maris
Na gama labarin. Ranar Asabar zan karanta shi a laburare gaban jama'a. Ni, mai aski, da na koyi karatu da tsofaffin jaridun shago. Masu digiri su zo su ji.

Talata, 4 ga Maris
Na ba Yaya ta duba. Da na sani. Tun shafin farko ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Wai tsohuwar labarin, mai shekara tamanin, na laƙa mata sunan 'yan matan yanzu. "Auta, duk mai wannan sunan ai tana firamare." Na ce suna suna ne. Ta ce to, in sun yi dariya ranar Asabar sai ka gaya musu haka. Na fizge takarduna.

Laraba, 5 ga Maris
Duk wanda ya hau kujera yau na tambaye shi sunan kakarsa. Yawanci ba su sani ba! "Kaka muke ce mata." Jahilai. Wani ya ce shi aski ya zo, ba ƙidayar jama'a ba.
Ta gidanmu ma dai Kaka muke cewa. Amma wannan daban.

Alhamis, 6 ga Maris
Na shiga ɗakin Kaka. Rabona da shi tun da ta hura wuta da littafina. Na ce sunan tsofaffi nake nema. Ta jero na ƙawayenta, duk sun rasu, ba wanda ya maimaita wa 'yarsa. Na ƙarshen ta faɗe shi ƙasa-ƙasa. "Wata ce mai baki irin naka." Na ce ya cika tsufa. "Ba tsohuwa ka ce kana so ba, mara kunya?"
Na ɗauka. Don ya zauna a jimla, ba don komai ba.

Asabar, 8 ga Maris
Ba wanda ya yi dariya. Wani mai tabarau har cewa ya yi kamar ya san tsohuwar nan. Dole mana.
Yaya ta kawo Kaka, ban gayyace su ba. Da na zo wurin da jikan tsohuwar labarin ke ƙwala mata kira, sai daga kujerar baya aka ce, "Na'am."
A hanya Yaya ta ce, "Nata ne, wawa. Tun rasuwar kakanmu ba wanda ya kira ta da shi."

Lahadi, 9 ga Maris
Ni dai na ce na iya zaɓen suna.
Kaka ta ce ba ta ji ƙarshen da kyau ba, wai na cika sauri. Anjima zan je in sake karanta mata. Nesa da murhu.